Jimlar ruwan damina ta ƙi fitowa daidai a Python

Wani ɗalibi ya rubuto daga Tawa. Yana riƙe da awon ruwan sama na kullum na tashoshi uku, Tawa da Birnin Ƙonni da Madawa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, kuma yana son jimlar damina ta kowace tasha. Ga kod ɗin da ya turo, inda t ke nufin tasha, w wata, r kuma rana:

```
kwanaki = [30, 31, 31, 30]
jimla = 0.0
sakamako = []
for t in range(3):
    for w in range(4):
        for r in range(1, kwanaki[w]):
            jimla = jimla + ruwa[t][w][r]
    sakamako.append(jimla)
```

Ya ce jimlar Tawa ta kusa da abin da Excel ya ba shi, amma ta gaza da ƴan milimita. Ta Ƙonni ta kusa ninkawa, ta Madawa kuma ta haura 1000. Wani abokinsa ya ce masa ai kwamfuta ba ta iya tara lambobi masu waƙafi daidai, sai ya nemi dabarar Kahan, wata hanyar rage kuskuren na'ura wajen tara lambobi. Yana tambaya ko haka ne.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ajiye Kahan tukuna, ba shi ne maganin wannan ciwon ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya kawo magana a inda ba wurinta ba. Gaskiya ne in ka rubuta 0.1 + 0.2 a Python za ka ga 0.30000000000000004. Amma dubi inda 4 ɗin nan ya maƙale: gurbi na 17 bayan ɗigo. Python yana ajiye irin waɗannan lambobi a bit 64, inda ake samun alƙaluma 15 zuwa 16 lafiyayyu. Kai kuwa lambobi 122 kake tarawa ga kowace tasha, jimlarsu ƴan ɗaruruwan milimita. Ko da kowane ƙari ya yi iyakar ɓarnar da zai iya, ba za ka ga alamarta ba sai can wajen gurbi na 11 ko 12 bayan ɗigo. Shi mai karanta ma'aunin ruwa a tashar, iyakarsa gurbi ɗaya yake rubutawa. Saboda haka kafin ka taɓa kod, fara da tambayar girman kuskuren. In bambancin yana can ƙurya bayan sifiri goma, na'ura ce. In ya kai milimita guda, to ko zagayen `for` ne ya karkace, ko bayanan ne suka shigo da wani abu. Naka milimita ɗaruruwa ne.

Kurakurai biyu ne a cikin layukan nan takwas, kuma babban ya rufe ƙaramin.

Babban shi ne `jimla = 0.0` da ka ajiye can sama, waje da dukkan zagaye. Sau ɗaya aka share ta, da farkon aiki. Da aka gama Tawa aka shiga Ƙonni, ruwan Tawa yana nan zaune a ciki, aka ɗora na Ƙonni a kai, aka zo aka ɗora na Madawa. Kamar mai awon hatsi ne da yake zuba wa mutum uku tiya-tiya a buhu ɗaya, bai juye buhun ba tsakanin mutum da mutum, sa'annan yana faɗa wa kowa abin da ke cikin buhun a matsayin nasa. Na farko ne kaɗai zai ji lamba ta gaskiya. Shi ya sa Tawa ta kusa daidai, sauran suka kumbura. Gwada cire lamba ta farko daga ta biyu, ta biyu daga ta uku, za ka ga jimlolin Ƙonni da Madawa sun fito kusa da na Excel.

Sai dai a kula, gyaran ba wai a tura layin ciki ko'ina ba ne. In ka sa shi a ƙarƙashin `for w`, za a riƙa share jimla a farkon kowane wata, abin da zai isa `sakamako` ruwan Satumba ne kawai. Wannan ya fi na farko haɗari, domin lambar da za ta fito ƙarama ce mai kama da gaskiya a shekarar fari. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce: layin da ke share jimla da layin da ke kwashe ta, tazararsu daga bakin shafi ɗaya ce. `jimla = 0.0` a sama, `sakamako.append(jimla)` a ƙasa, su biyun a ƙarƙashin `for t`, zagayen watanni da kwanaki a tsakaninsu. In ka ɗora yatsa a kan harafin farko na ɗaya ka sauko kai tsaye, ka tarar da ɗayan.

Ƙaramin kuskuren shi ne `range(1, kwanaki[w])`. A Python, `range(1, 30)` yana bayar da 1 zuwa 29, ba ya taɓa 30. Kuma gurbin farko na jeri 0 ne. Kenan kowane wata kwana guda yana salwanta. Wanda ya fara koyo da Fortran ko Scilab ko MATLAB, inda ƙirga ke farawa daga 1 ya tsaya a kan n, hannunsa da kansa yake rubuta haka. Wace rana ce ta ɓace, ya danganta da yadda aka cika tablo ɗin. In ranar 1 ga wata tana gurbi na 0, ita ce ake tsallakewa, gyara kuma `range(kwanaki[w])`. In gurbi na 0 sunan wata ne ko fanko, to ranar ƙarshe ce ke faɗuwa, gyara kuma `range(1, kwanaki[w] + 1)`.

To, da na tsaya nan da ka gyara wannan kod ɗin, ka sake faɗawa irin ramin a na gaba. Abin da ya fi gyaran muhimmanci shi ne yadda za ka kama irin wannan da kanka, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu farawa suna ɓata lokaci. Suna gwada kod da bayanan gaskiya. Bayanan ruwan sama na ƙasarmu kuwa su ne mafi munin abin gwaji, saboda cike suke da sifiri. A Tawa, inda ruwan shekara ke kai-komo wajen milimita 350 zuwa 400, yawancin kwanakin damina ba a samun ko ɗigo. In aka yi sa'a ba a yi ruwa ranar 1 ga Yuni da 1 ga Yuli da 1 ga Agusta da 1 ga Satumba ba, kod ɗinka mai tsallake rana zai ba da amsa daidai da Excel har gurbin ƙarshe. Ka miƙa aiki, kowa ya sa hannu. Sai shekarar da hadari ya sauke milimita 40 ranar 1 ga Agusta, jimla ta gaza, kuma babu wanda zai zargi kod da ya riga ya "ci gwaji". Kai ka yi sa'a ne da aka yi ruwa a ɗaya daga waɗannan ranaku.

Abin yi shi ne ka ƙirga kafin ka tara. Kwafi fayil ɗin bayananka, ka bar fasalinsa yadda yake, ka maye kowace lamba da 1. A fayil ɗin za ka yi wannan, ba a cikin kod ba, don gwajin ya bi ta hanyar karatu ma. Yanzu jimla ta zama ƙidayar sau nawa zagayen ciki ya juya, kuma ka san amsar tun kafin ka danna komai: 30 da 31 da 31 da 30, wato 122 ga kowace tasha. Daɗin wannan gwajin shi ne kowane kuskure yana da lambarsa. Kod ɗinka yadda ka turo shi zai ba da 118, 236, 354, kuma daga ganin haka ka karanta laifi biyun a lokaci guda: ninkawar tana cewa ba a share jimla ba, 118 tana cewa kwana huɗu sun ɓace, ɗaya a kowane wata. In ka ga 122, 244, 366, sharewa ce kaɗai ta rage. In ka ga 30, 30, 30, ka tura sharewar cikin zagayen watanni. In ka ga 1, 1, 1, ka kai ta can ƙurya. In `sakamako` ya fito da lambobi 12 maimakon 3, suna tafiya 30, 61, 92, 122, to `append` ne ya zame ciki da taki ɗaya. In ka ga 124, wani wuri an ɗauka kowane wata kwana 31 ne.

Akwai kuma 120, wadda ta cancanci a tsaya mata. A aikin yanayi da noma a nan, ana raba wata kashi uku na kwana goma-goma, irin yadda rahotannin damina na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai suke fitowa. Mai rubuta kod sai ya yi zagaye uku, kowanne kwana goma, ya manta kashi na uku ba kullum goma ba ne. A Yuli da Agusta 11 ne, a Fabrairu 8 ko 9. Ranar 31 ga Yuli da 31 ga Agusta su zube, a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya fi yawa.

Gwajin 1 yana faɗa maka kwana nawa suka ɓace, ba ya faɗa maka waɗanne. Don haka yi fayil na biyu, ka sa wa kowace rana lambar ranarta: 1 ga wata 1, 2 ga wata 2, har ƙarshe. Daga 1 zuwa n jimla n(n+1)/2 ce, kenan wata mai 30 zai ba da 465, mai 31 zai ba da 496, damina duka 1922. In ranar farko ce ake tsallakewa za ka ga 1918. In ta ƙarshe ce, 1800. Tambayar da na bar maka a sama, ta wane gyara ne naka, wannan fayil ɗin zai amsa ta ba tare da ka yi ta zuba wa allo ido ba. Akwai kuma wani tarko na Python: in ka rubuta `ruwa[t][w][r - 1]` alhali r ya fara daga 0, gurbi na -1 ba ya jawo ƙorafi, ranar ƙarshe ta jerin yake ɗauko maka shiru.

Na uku ɗan gajere ne. Sa sifiri ko'ina, ka sa 7 a wuri ɗaya, misali Ƙonni, 15 ga Agusta. Dole 7 ta fito a tasha ta biyu kaɗai. Wannan don musayar gurbi ne, `ruwa[w][t]` a maimakon `ruwa[t][w]`. Da tashoshi uku da watanni huɗu Python zai yi kuka ya tsaya, amma ranar da ka ƙara tasha ta huɗu, in kowane wata gurbi 31 aka ba shi a tablo, bakinsa zai mutu, ya riƙa ba ka jimlar wani abu dabam. Af, ka kyauta da ka sa wa zagayen t da w da r. Masu sa i a waje su sake sa i a ciki, Python ba ya hana su, sai dai bayan an fito daga na ciki, i ɗin da suke tsammani na tasha ne ya koma na rana.

In waɗannan uku sun wuce lafiya, zagayenka ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya rage yana cikin bayanan, kuma a nan muna da matsala tamu ta kanmu wadda littattafan Ingilishi ba su cika ambata ba: waƙafi. Excel na Faransanci yana rubuta 12,5 inda Python ke jiran 12.5, kuma in ya fitar da CSV yana raba gurabe da alamar `;` ne. `float("12,5")` kuskure yake jefowa. Wannan da sauƙi, tunda ya yi magana. Masifar tana farawa ne in mutum ya gaji da saƙon ya lulluɓe layin da `try` da `except: pass`. Daga nan duk ranar da ruwanta ke da waƙafi an jefar da ita, sai masu lamba cikakkiya suka rage. A harshen C kuwa, `atof` zai karanta 12,5 ya tsaya a waƙafin ya ba ka 12, bai ce uffan ba. Gwajinsa: cika fayil da 0,5 ko'ina, da waƙafi. Amsa 61 ce cif, tunda rabi yana zama daidai a lissafin na'ura babu saura. In ka ga 0, ka kama ɓarawon. Mai amfani da pandas, kayan aikin Python na sarrafa tablo, ya ba `read_csv` umarnin `sep=";"` da `decimal=","`, an gama.

Sai ranakun da ba a auna ba. Ba a cika barin gurbinsu fanko ba, ana sa wata lamba da ba ta yiwuwa, kamar -99.9 ko -999 ko -9999. Zagaye bai san haka ba, zai tara ta. Rana ɗaya mai -999 za ta mayar da jimlar damina ƙasa da sifiri, kowa ya gani. Amma -99.9 guda ɗaya za ta rage 480 ta koma 380.1, lambar da ba wanda zai ɗaga gira a kanta. Haka kuma yayyafin da bai isa awo ba, wasu fayiloli harafi suke sa masa. Shawarata, kada ka tara jimla ita kaɗai. Ka riƙe ƙidaya a gefenta:

```
for t in range(3):
    jimla = 0.0
    adadi = 0
    for w in range(4):
        for r in range(kwanaki[w]):
            x = ruwa[t][w][r]
            if x >= 0:
                jimla += x
                adadi += 1
    sakamako.append((jimla, adadi))
```

Jimla 410 daga kwana 122 da jimla 410 daga kwana 97 ba abu ɗaya ba ne, kuma mai karanta rahotonka yana da haƙƙin sanin wacce ce a gabansa.

In wata rana aka miƙa maka tsohon kod na Fortran, kuma a fannin yanayi za a miƙa maka, akwai abin da ya kamata ka sani. In ba a rubuta `implicit none` a sama ba, duk sunan da ya fara da harafi daga I zuwa N, Fortran yana ɗaukarsa lamba cikakkiya. Sunanka `jimla` da J ya fara. Kenan a kowane ƙari za a datse abin da ke bayan ɗigo: 12.7 ta shiga a 12, 0.8 ba ta shiga ba sam. Datsewa ta fi kai lamba ga mafi kusa muni, don kullum gefe ɗaya take ci, ba ta ramawa. Kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta ɗanɗana wannan: ma'auninta ya fara da 1000 a 1982, ana datse shi a gurbi na uku duk lokacin da aka sabunta, sau dubbai a yini, zuwa Nuwamba 1983 yana nuna wajen 524 alhali na gaskiya ya kusa 1099. Fortran kuma ba ya share maka ma'aji da kansa, abin da ya tarar a ƙwaƙwalwa da shi yake farawa, shi ya sa kod ɗaya kan ba da amsa biyu a na'ura biyu. A gfortran, manhajar da ke fassara kod na Fortran ga na'ura, `-Wall` da `-fcheck=bounds` suna tona yawancin waɗannan, `-finit-real=snan` tare da `-ffpe-trap=invalid` kuma suna tsayar da aiki a daidai layin da aka taɓa ma'ajin da ba a share ba.

Yanzu mu ba abokinka haƙƙinsa, domin akwai ranar da maganarsa za ta zama gaskiya. Ranar ita ce in ka bar tashoshi uku ka koma bayanan tauraron ɗan'adam, irin su CHIRPS, masu ba da ruwan kullum tun daga 1981 a kan murabba'ai na digiri 0.05. Nijar mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 tana cin irin waɗannan murabba'ai sama da dubu arba'in, ka ninka da kwanaki, ka ninka da shekaru. Irin waɗannan fayiloli kuma galibi a bit 32 suke, mai riƙe alƙaluma kusan 7 kacal. In ka zuba komai a jimla ɗaya ta bit 32, da zarar ta wuce 2,097,152 tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata ta zama 0.25, sai ƙarin 0.1 ya shiga ya ɓace kamar ba a yi ba. A 16,777,216 ko 1 cikakkiya ka ƙara, jimla ba ta motsi. Babu saƙon kuskure, zagaye yana ta juyawa, lamba tana tsaye.

Dabarar da William Kahan ya wallafa a 1965, shi ne kuma babban jigo a ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 da na'urorinmu ke bi, ita ce a riƙe ma'aji na biyu mai tsince ɓurɓushin da ya zube a kowane ƙari, a mayar da shi a ƙari na gaba. Layi huɗu ne. Amma a Python da wuya ka buƙaci rubuta ta da hannu. `math.fsum` yana ba da jimla mafi kusa da gaskiya da bit 64 zai iya ɗauka. `numpy.sum` yana tarawa kashi-kashi, bibbiyu, in kuma ka ba shi `dtype=numpy.float64` matsalar bit 32 ta kau. Tun daga Python 3.12 ma shi kansa `sum` an inganta yadda yake tara lambobi masu ɗigo. Kuma ka lura, tsarin da muka gyara a sama, na tara kowace tasha dabam daga sifiri sa'annan a haɗa jimlolin, shi ma yana rage wannan ɓarnar, don ƙananan lambobi ba sa haɗuwa da ƙatuwar jimla kai tsaye. Mai rubuta Kahan a C ko Fortran ya guji `-ffast-math`, yana iya ganin layukan gyaran a matsayin aikin banza ya share su. Wajen kwatanta amsa biyu masu ɗigo kuma, `math.isclose` ake amfani da shi, ba `==` ba.

Saura abu ɗaya. Ka ɗauki Excel a matsayin alƙali, alhali shi ma ba a gwada shi ba. SOMME, umarnin tarawa a Excel na Faransanci, yana tsallake duk gurbin da yake ganin rubutu ne, ba ya sanarwa. A Excel na Faransanci, lambar da aka shigar da ɗigo, kamar 12.5, tana iya zama rubutu, ka gan ta manne a hagun gurbi maimakon dama. In 122 da 1922 da 61 duk sun fito a kod ɗinka amma har yanzu kai da shi ba ku daidaita ba, sa NB, umarnin ƙirga lambobi, a kan gurabun da ka ba SOMME, ka ga lambobi nawa ya ƙirga. In ya ce 119, kwana uku suna nan a matsayin rubutu, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.